Koren Sawu a Ƙofar Buroshi

Ranar Litinin da hantsi ɓera ya bi ta kan ƙafar Hajiya mai gida, a tsakar gidan hayarta, gaban 'yan haya kaf. Ba ma gudu yake ba, tafiya yake abinsa kamar shi ma da ɗakinsa a gidan. Hajiya ta buga wani tsalle wanda rabonta da irinsa tun tana budurwa, takalmi ya yi gabas, jaka ta yi yamma. Da ta dawo hayyacinta ta gyara mayafi, ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɓera ba daga sama yake faɗowa ba," in ji ta. "Yana da ɗakin da yake kwana. Ranar Asabar zan dawo. Duk ɗakin da na samu gidansu a ciki, mai shi ya miƙo mini mukullina, ƙarshen wata ya nemi wani wurin. Na gama magana."

Ɗakuna biyar ne a gidan, jere a baranda ɗaya. Na farko na Direba, na biyu na Tela, na uku na Nas, na huɗu a kulle tun rasuwar wani tsoho mai gyaran agogo. Na ƙarshe can ƙurya kuwa na Buroshi ne da matarsa Maman Biyu, shekara goma sha tara suna ciki.

Buroshi mai fenti ne. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, domin ko ta'aziyya za shi sai ka ga buroshi ya leƙo daga aljihun bayansa. Aikin hannunsa dai ba yabo ba fallasa, amma bakinsa, tabɗi! A faɗarsa, ya taɓa fente bene mai hawa bakwai da hannun hagu saboda na dama yana riƙe da kofin shayi, kuma in ka rufe masa ido yana gane launi da ƙanshi.

Hajiya ba ta rufe baki ba ya yi gyaran murya ya shigo tsakiya.

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan ba aikin tarko ba ne, aikin ƙwaƙwalwa ne. Kafin Asabar zan nuna miki ɗakin da yatsa."

Maman Biyu ta ja masa riga ta baya. "Baban Biyu, zauna."

Ina, ya riga ya yi nisa. Da yamma ya fito da manyan murafan bokitin fenti guda uku, ya cika kowanne da fentin mai, ya tsinka shi da kananzir don kada ya bushe. Ya ajiye shuɗi a ƙofar Direba, rawaya a ƙofar Tela, ja a ƙofar Nas.

"Duk ɓeran da ya fito daga ɗakinka sai ya taka," ya bayyana musu yana kaɗa buroshi. "Da safe mu karanta sawu kamar jarida. Launin da ya fi yawa, mai shi ne uban ɓeraye."

Tela ya sauke tabarau kan hanci. "To kai ƙofarka fa? Wane launi ka ba kanka?"

"Ka taɓa ganin likita ya yi wa kansa allura?"

"Kullum ma," in ji Nas.

"Wannan ƙaramin likita ne."

A ɗaki Maman Biyu ta rufe ƙofa, ta rage murya. "Don girman Allah ka kwashe murafan nan. Ka ba ni zuwa Juma'a kawai, kada ka taɓa komai, kada ka ce komai."

"Ke dai ba ki san kimiyya ba," ya ce, ya juya mata baya yana murmushin manya.

Kimiyya ta fara aiki tun da asuba. Direba ya fito da sauri zai ɗauko maigidansa, ya zurma ƙafar dama cikin shuɗi har idon sawu, ya bar tambarin takalmi ɗaya ɗaya tun daga baranda har cikin mota. Kyanwar Nas ta shiga ja da ƙafa huɗu, ta koma ta zagaya kan farar rigar aikin uwar ɗakinta da aka goge aka shimfiɗa a kujera. Nas ta fito riƙe da rigar, kai ka ce daga mahauta take. Shi kuwa Tela, awonsa da ke rataye a wuya ne ya ja ƙasa ya sha rawaya, bai lura ba sai da ya auna ƙirjin wani mai farar riga.

"Buroshi!" Murya uku a lokaci guda.

"Duk babban bincike da 'yar asararsa," ya ce, ya durƙusa a baranda yana duba siminti, hancinsa kamar zai taɓa ƙasa.

Sawun kuwa ga su nan birjik, ƙanana ƙanana, masu yatsu kamar ƙwayar shinkafa. Ga shuɗi. Ga rawaya. Ya fara lissafi yana gyaɗa kai, sai ya tsaya cak. A gindin bango akwai wani layi, dogo, mai kyau, kore shar. Ya bi shi da ido. Ya wuce ƙofar Nas, ya bi ta gaban ɗakin da ke kulle, ya miƙe bai karkata ba har bakin ƙofarsa.

Tela ya leƙo ta kafaɗarsa. "Wa ka ba kore?"

"Sirrin aiki ne," in ji Buroshi, amma muryar ba tasa ba ce.

Ya shiga ɗaki ya juye gwangwanayensa ɗaya bayan ɗaya. Babu kore. Rabonsa da sayen kore shekara huɗu, kuma ya san sarai inda ragowar ta tafi.

Abin da ya faru shi ne, shekara huɗun da suka wuce tsohon nan mai gyaran agogo ya roƙe shi ya fente masa ɗaki fari, don idonsa ya yi rauni, ƙananan kusoshi suna ɓace masa. Buroshi yana da ragowar kore daga wani aiki, sai ya shafe ɗakin da shi tsaf, har silin. Da tsohon ya yi magana ya ce masa kore yana ƙara gani, masana sun tabbatar. Tsohon mutum ne mai sanyin hali. Ya daɗe yana kallon bangon, sa'annan ya ce, "Ba komai, ɗana. Ba zan manta maka koren nan ba." Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa, Hajiya ta kulle ɗakin.

Buroshi ya zauna a bakin gado yana maimaita maganar. Ba zan manta maka ba.

Amma mai bincike ba ya yanke hukunci da gwaji ɗaya. Da yamma ya ninka fentin, ya cika murafan har baki. Safiyar Laraba koren ya ninka shi ma. Wannan karon bai tsaya a ƙofa ba. Ga shi a kan tabarma, ga shi a ƙafar gado, ga shi ya zagaye hularsa sau biyu. Sawu guda ɗaya tak kuma a kan matashinsa, daidai inda kunnensa yake kwana.

"Maman Biyu, kin ga abin da na gani?"

"Na ga wankin da ka ja mini."

"A kan matashina! Me ya hana shi zuwa naki? An aiko shi ne. Ya san ni."

"Naka ne ke warin gyaɗar da kake ci a gado."

Ranar ya je aiki, amma hankalinsa na gida. Yana kan tsani yana fente gaban wani shago sai koren ganye ya faɗo masa a wuya. Ya ƙwalla ƙara, ya saki tsani, ya rungumi bokiti, suka sauko tare. Mai shagon ya fito ya tarar da rabin ƙofarsa da duk mai fentin sun zama ruwan toka, ya ce masa ya je gida ya huta har abada. A hanya koriyar mota ta yi masa hon, ya tsallake kwata. Mai kayan miya ta miƙo masa gaisuwa, ya ga tulin ganye a gabanta ya sauya titi.

Da ya iso gida wani sabon abu ya fara. Ƙas, ƙas, ƙas. Agogo! Ya tsaya a tsakar gida kunne a miƙe.

"Kun ji?"

"Famfo ne ke ɗiga," in ji Nas. "Wata uku ke nan."

"Haka yake so ku zata."

Nas ta ɗora masa bayan hannu a goshi, ta ce ya riƙa shan ruwa da yawa.

Har matarsa ma sai ya fara yi mata kallon gefe. Ya lura kullum da sassafe tana fita da bokiti a rufe, ta nufi juji, ta dawo da shi wayam. Ranar Alhamis ya tare ta a ƙofa, ya kasa kunne. Wani abu na karce-karce a ciki.

"Mene ne a nan?"

"Shara."

"Shara mai farce?"

"Matsa mini in wuce, Baban Biyu."

Ya matsa, yana kallonta har ta ɓace. Shi ke nan, ya ce a ransa, 'yan aiken tsohon sun shiga jikinta. Daga lokacin ya daina cin abincinta sai ta fara ɗanɗanawa, ya kuma rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taɓa simintin ɗakin ba. Akwai wani babban akwatin katako a lungu inda yake tara tsummokara da tarkacen aiki. Ya haye kansa, ya naɗe ƙafafu, ya rungumi dogon sandan rolar shafa fenti kamar mai gadi.

"Sauko daga kan akwatin nan," in ji Maman Biyu.

"Ba zan sauko ba."

"Ka fita ka nemi aiki, ko awa ɗaya ce."

"Don ki buɗe musu ƙofa? Na gane ki."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga hannu. "Shhh! Saurara." A ƙarƙashinsa ana ta ƙuruƙuru da ƙananan koke-koke. Idonsa ya firfito. "Daga ƙarƙashin ƙasa suke tahowa. Sun biyo ni har nan."

Maman Biyu ta dube shi, ta dubi akwatin, ta dubi silin, ta ce, "Allah, ka ga abin da ka ba ni."

Ranar Juma'a da azahar, da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya yanke shawarar sulhu. Ya sa takalman ruwan sama, ya lallaɓa zuwa ɗakin da ke kulle, ya waiga hagu da dama, ya durƙusa ya kafa baki a ramin mukulli.

"Baba mai agogo, salamu alaikum. Ni ne, Buroshi. Batun koren nan ne. Wallahi sharrin ragowa ne, ba raini ba."

Bai san keken ɗinkin Tela ya tsaya ba. Bai kuma san Direba yana hutun rana a ɗakin Tela ba, kusa da taga. Direba ya toshe hanci da yatsu biyu, ya ja murya.

"Faaari na ce maka."

Yadda Buroshi ya isa ɗakinsa, shi kansa bai sani ba. Takalmi ɗaya dai ya kwana a baranda. Tela kuwa dariya ta sa ya ɗinke hannun riga da wuyanta.

Amma firgitar nan ta haifa masa dabara, kuma da dabara ta zo baki ya dawo. Daga kan akwati ya riƙa aika sanarwa ta taga ga duk mai wucewa: ɓerayen gidan nan ba na duniya ba ne, gidansu yana ɗakin mamaci, gobe gaban Hajiya zai buɗe ɗakin ya fatattake su, ya fente shi fari, ran tsoho ya huta. Ba wanda za a kora. Shi kaɗai ne mai zuciyar yin wannan aiki a duk faɗin unguwa.

"Baban Biyu," in ji matarsa a hankali, "in kana ƙaunar ɗakin nan, ka bari in wanke barandar kafin gobe."

"Ki wanke hujja? Taɓa ki gani."

Asabar da safe gidan ya cika. Mai shagon kusa ya rufe ya zo, mai wanki ya bar dutsen guga a wuta, mata sun leƙo ta katanga. Hajiya ta iso ta tarar da taro kamar ana rabon wani abu. Sai ga Buroshi ya fito: rigar ruwa har gwiwa, safar hannu, ƙyalle a hanci, bokitin roba a kife a ka an huda masa ido biyu, rola a hannun dama, farin fenti a hagu.

"Wane ne wannan?" in ji Hajiya.

"Jama'a, a ja baya!" Muryar ta fito daga cikin bokiti. "Mai raunin zuciya ya fita. Abin da za ku gani ba kowane ido ke ɗauka ba. Hajiya, mukulli."

Ta miƙa masa. Sau uku mukullin yana faɗuwa kafin ya shiga rami. Ya karanto duk addu'ar da ya sani har da ta cin abinci, ya tura ƙofa da sandan rola, ya yi baya da gudu ya take ƙafar mai wanki.

Ƙofa ta buɗe. Shiru.

Ɗaki ne wayam, rana ta shigo ta taga. Ƙura kwance a ƙasa lumui, ko sawun tururuwa babu. Bango kuwa fari fat, har silin.

Buroshi ya ɗaga bokiti kaɗan. Ya shiga, ya shafa bangon, ya shinshina yatsa.

"Wa ya yi fentin nan?"

Kowa ya kama kallon wani wuri. Tela ya yi tari.

"Ai tun satin da ka yi masa kore ya kira wani mai fentin, ranar ka tafi aikin kwana biyu. Ni na riƙe tsani. Ya roƙe mu kada mu gaya maka, wai kada ranka ya ɓaci."

"Ya ma ce in muka faɗa ba za mu yi barci ba sai ka gama bayani," in ji Nas.

"To koren fa?" Buroshi ya fito baranda yana nuna ƙasa da rola. "Koren nan daga ina? Ni ban ajiye kore ba! Ku ba ni amsa in kun isa!"

Tela ya tsinci tsinke. Ya tsoma a shuɗin ƙofar Direba, ya taka taku uku, ya tsoma a rawayan ƙofarsa, ya ja layi a siminti. Kore shar.

"Ɓera ya shiga wajen Direba ya ci burodi, ya biyo wajena ya ci zare. Shekara nawa kana fenti, Buroshi?"

"Ashirin da biyu."

"Ba ka san shuɗi da rawaya suna ba da kore ba?"

"Ni ba na haɗa launi! A shago ake haɗa mini. Haɗa launi aikin ƙananan ma'aikata ne, ni mai shafawa ne!"

Dariya ta ɓarke har kan katanga. Direba ya toshe hanci ya sake cewa, "Faaari na ce maka," mai wanki ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba: Maman Biyu, da Hajiya.

Hajiya tana kallon ƙasa. "A'a, ku bar shi. Ai ya yi aiki mai kyau. Ya ce zai nuna mini ɗakin, ga shi ya zana mini hanya. Mu bi."

Aka bi. Shuɗi, rawaya da kore, duk inda suka zaga suka zaga, ƙofa ɗaya suke komawa. Suka tsallake tabarma, suka bi ƙarƙashin gado, suka taru a wata 'yar ɓula a gindin akwatin katako.

"Buɗe," in ji Hajiya.

"Hajiya, kayan aiki ne kawai. Kwana biyu ina zaune a kansa, da akwai wani abu ai da na..."

Direba ya ɗaga murfin. Ɓeraye uku suka yi tsalle, kowanne da koriyar safa har gwiwa. Buroshi ya saki farin fenti a kan takalmin Hajiya, ya ɗare bayan Direba ya ƙanƙame masa wuya yana kiran sunan Allah. Ɓerayen suka bi ta tsakanin ƙafafun jama'a, aka yi ta kan juna. Da ƙura ta lafa aka leƙa akwatin: tsummokara an yi musu gunduwa-gunduwa, sai rabin buhun fulawa a yage.

"Me fulawa take yi a kayan fenti?"

Buroshi ya sauko a hankali. "Tana ƙara wa farar ƙasa kauri, Hajiya. Sirrin sana'a ne."

Hajiya ta juya ta dubi bangon gidanta, wanda shi ya shafe bara, ta ga yadda aka gwaguye gindinsa tun daga ƙofar shiga har ƙurya. "Wato gidan nawa ma burodi ka mayar da shi."

Ba wanda ya yi dariya yanzu. Hajiya ta miƙa tafin hannu.

Maman Biyu ta kwance bakin zaninta ta ciro mukulli. Ba Hajiya ta kalla ba, mijinta ta kalla.

"Tun ranar Litinin na gano su. Kullum ina ɗana tarko a bayan akwatin, da safe in kai su juji a bokiti. Goma sha ɗaya na fitar. Saura uku, Baban Biyu. Uku kacal. Shekaranjiya na so in fitar da akwatin gaba ɗaya, ka hau ka zauna a kai."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da na faɗa maka, kafin azahar ka gaya wa unguwa kai ka gano. Ni ina kwashe su a ɓoye, kai kana sa musu takalma." Ta ajiye mukullin a hannun Hajiya, hawaye ya zubo mata. "A ɗakin nan na haifi 'ya'yana. Ban san wani wuri ba."

Buroshi ya cire bokitin daga kansa, ya cire ƙyallen, sai ga ɗan mutum mai furfura da gumi, kunya ta rufe shi. Ya durƙusa.

"Hajiya, ita ba ruwanta. Fulawar tawa ce, fentin nawa ne, bakin ma nawa ne. Ni ki kora. Ko a baranda zan kwana, ko a titi. Ita dai ki bar mata ɗakinta."

Hajiya ta daɗe tana juya mukullin. Ta dubi farin takalminta wanda da safe baƙi ne. Ta dubi Maman Biyu.

"Na ce mai ɗakin zai miƙo mukulli, kuma an miƙo. Ba na mayar da magana." Ta kamo hannun Maman Biyu ta danƙa mata. "Daga yau ɗakin naki ne, sunanki zan rubuta. Wannan kuma ɗan hayarki ne. In kin ga dama ki bar shi. Ranar da ya sake kimiyya, ki sallame shi, ina bayanki."

Maman Biyu ta share ido da bakin mayafi, ta ƙulle mukullin a zani, ƙulli biyu. Ta ɗauko tsumma da kwalbar kananzir ta ajiye a gabansa.

"Daga ƙofar Direba za ka fara. Ƙarshen wata zan duba halinka."

Buroshi ya rarrafa ya kama goge sawu, jama'a na tsaye a kansa. Ya goge na farko, ya goge na biyu. A na uku ya ɗan ɗago kai ya dubi mai wanki.

"Ai goge fenti ma fasaha ce. Duk faɗin unguwar nan babu wanda ya kai ni..."

"Baban Biyu."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da gurzar siminti.

"Na yi shiru, ranki ya daɗe."